Indiya Ta Riƙe Algaitarta, Mu Ina Kalangunmu?

Ranar Lahadin da ta gabata na halarci wani biki a nan Zango, ta wajen Alabar. An tare titi, an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an kuma girke sipiku huɗu, kowace ta kai tsayin mutum. Can gefe, kusa da inda mata ke rabon abinci, na hango wani dattijo zaune a kan benci da kalangu rataye a kafaɗarsa. Na san shi tun ina yaro, domin shi ya yi kiɗa ranar auren gwaggona. Da sautin na'ura ya ɗan lafa, sai ya miƙe, ya matse kalangun a hammata, ya soma taken gidan su ango. Bai kai ga rufe taken ba yaron da ke kula da na'ura ya murɗa sauti, wata waƙar fiyano ta lulluɓe unguwar baki ɗaya. Dattijon ya tsaya jim kaɗan yana duban jama'a, sannan ya koma ya zauna. Wani ya miƙa masa sidi goma kamar mai ba da sadaka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane karin waƙar da ta rufe masa baki. Kari ne da aka kwaso daga wani fim ɗin Indiya, aka ɗora masa kalmomin Hausa, aka bar na'ura tana maimaita shi. Wato da inuwar kiɗan wasu muka kori kiɗan kanmu. Alhali can ƙasar da muka kwaso inuwar, dattijo irin wannan Ustaz ake kiran sa, kuma in ya ɗauki kayan kiɗansa, manyan ƙasa ne ke tsit su saurara. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganata ɗaya ce: mun yi sama da shekara sittin muna ƙaunar waƙar Indiya, amma ba mu taɓa tambayar me ya sa take da daɗi ba, kuma rashin wannan tambaya ne ke neman raba mu da namu.

Mu fara da gaskiyar da ba mai musun ta. Mutanen Zango sun so Indiya, kuma har gobe suna so. Tun shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa Indiyawa da Labanawa ke shigo da finafinai gidajen sinima na ƙasar nan, iyayenmu ke bin layin tikiti a Roxy da Rex da Rivoli. Ba su jin harshen, amma suna fitowa da waƙar a baka. Tsofaffinmu mata har yau suna iya rera waƙoƙin Albela na 1951 da na Mother India na 1957 suna tankaɗe ko suna lallashin jika. A Tamale an san makarantun Islamiyya da ke ɗora waƙoƙin Maulidi a kan karin finafinan Indiya. A Kano akwai masu begen Manzon Allah da bandiri da suka kira kansu Ushaƙu Indiya saboda irin wannan aiki. A Jos, Abdu Yaron Goge ya juya karin Indiya a kan gogensa tun kafin a san wani abu wai shi Kannywood. A 'yan shekarun nan kuwa, mun ga yadda Kumkum Bhagya da aka fassara da harshen Twi ya riƙa kwashe mata daga ƙofar gida zuwa gaban talabijin. Ƙaunar ta daɗe, kuma ban ga abin kunya a cikinta ba.

To amma mene ne ainihin abin da ya kama zukatan iyayenmu? Sau da yawa mukan ce muryar Mohammed Rafi ce, ko ta Lata Mangeshkar. Haka ne, sai dai murya kaɗai ba ta isa ba. Rafi, wanda ya rasu a 1980, ya zauna gaban malaman tsohon kiɗa ya yi karatu kafin ya shiga ɗakin ɗaukar sauti. Lata, wadda ta rasu a 2022, mahaifinta Dinanath Mangeshkar mawaƙin tsohon salo ne, kuma bayansa ta ci gaba da karatu a hannun Ustaz Aman Ali Khan. Naushad, wanda ya tsara kiɗan Mother India, shi ne ya tsara na Baiju Bawra a 1952, inda ya gina waƙoƙin fim ɗin a kan tsofaffin hanyoyin sauti da Indiyawa ke kira raga. A Mughal-e-Azam na 1960 ma, sai da ya lallaɓo Ustaz Bade Ghulam Ali Khan, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan zamaninsa, ya rera muryar Tansen. Waƙar fim ta minti huɗu da iyayenmu suka haddace 'ya'yan itace ne. Bishiyar tana can baya, ba a nuna ta a majigi.

Bari in ɗan fayyace wannan bishiya, domin da yawanmu ba mu taɓa jin labarinta ba. Tsohon kiɗan Indiya reshe biyu ne: na arewa, da ake kira Hindustani, da na kudu, da ake kira Karnatik. Dukansu a kan ginshiƙai biyu suke tsaye. Na farko shi ne raga. Suna da matakan sauti bakwai, kuma kowace raga ƙa'ida ce da ke faɗa wa mawaƙi matakan da zai taka in zai hau, da waɗanda zai taka in zai sauko, da inda zai daɗe, da inda zai shafa kawai ya wuce. A arewacin ƙasar kowace raga da lokacinta. Bhairav ta asuba ce, Yaman ta bayan faɗuwar rana, Darbari ta tsakar dare, Malhar kuwa ta damina. Ginshiƙi na biyu shi ne tala, wato zagayen bugu. Tintal bugu 16 ne, Jhaptal 10, Rupak 7, Dadra 6. Mawaƙi da mai ganguna biyun da ake kira tabla za su iya rabuwa, kowa ya yi nisa cikin gwanintarsa, amma dole su haɗu a kan bugun farko na zagayen. In suka haɗu daidai, sai ka ga masu sauraro sun girgiza kai gaba ɗaya, domin su ma suna ƙirgawa a zuci.

Abin mamaki shi ne ba a rubuce mawaƙi ke karanto abin da zai rera ba. Ƙa'ida ce a kansa, sauran kuwa nan take yake ƙirƙira. Zai iya shafe rabin awa a shimfiɗar farko, wadda suke kira alap, babu ganga, babu gaggawa, yana gabatar da matakan raga ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar da baƙi ga maigida. Shi ya sa raga ɗaya za ta shekara ɗaruruwa ana rera ta, kuma ba a taɓa rera ta iri ɗaya sau biyu ba. Wanda ya saurari Shata yana gina waƙa nan take a gaban jama'a, 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙa shi kuwa yana yawo yana dawowa, ba zai ji wannan bayani baƙo ba.

Ta yaya ilimi irin wannan ya rayu? Ta hanyar da mu Hausawa muka fi kowa sani, wato zaman almajiri gaban malami. Suna da gidajen kiɗa da ake kira gharana, kalmar da tushenta ke nufin gida, kuma kowane gida da salonsa da silsilar malamansa. A al'adar arewa, ranar da malami ya karɓi almajiri yakan ɗaura masa zare a wuyan hannu, alamar cewa daga yau akwai haƙƙi a tsakaninsu. Ravi Shankar, wanda duniya ta san shi da sitar, ya bar rayuwar yawon wasanni a Turai a 1938, ya tafi ƙaramin garin Maihar ya tare a wurin Ustaz Allauddin Khan shekaru kusan bakwai. Zakir Hussain, gwanin tabla da ya rasu a Disamban 2024, tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa Alla Rakha ke koya masa bugu da baki kafin hannu. Kuma mai karatu ya lura da sunayen. Musulmi suna da babban kaso a wannan gado, tun daga Amir Khusrau, almajirin Shaihu Nizamuddin Auliya na Delhi, wanda ya rasu a 1325, har zuwa gidan Dagar da ke riƙe da tsohon salon dhrupad zuwa yau.

Labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na Ustaz Bismillah Khan, wanda aka haifa a 1916 ya rasu a 2006. Abin busarsa sunansa shehnai. Duk Bahaushen da ya gan shi zai ce algaita ce, kuma bai yi kuskure sosai ba, domin dangi ɗaya suke: bututun itace mai huda, da bakin busa na kara, da ƙasa mai faɗi. Aikinsu ma ɗaya ne a da, wato busa a ƙofar fada da wurin biki, kuma masu busa shi ba su da wani matsayi a idon manya. Bismillah ya koya a hannun kawunsa a birnin Banaras, ya yi ta bita shekara da shekaru har ya iya fitar da raga cikakkiya daga wannan bututu. A watan Agustan 1947, da Indiya ta sami mulkin kai, shi aka kira ya yi busa a Jan Ganuwa ta Delhi. A 2001 aka ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja da ƙasar ke bai wa farar hula. Mai algaita ke nan, jama'a. A Zangon Kumasi yau, yaro nawa ne zai iya faɗa wa mahaifinsa cewa algaita yake son koya, a bar shi ya kwana a gida lafiya?

Kada a ɗauka cewa Indiya ta sami wannan a ɓagas. Su ma sun shiga irin halin da muke ciki. Su ma sun raina makaɗa. Suna da wani abin kiɗa mai kama da gogenmu, ana ce masa sarangi, wanda aka daɗe ana ƙyamar sa saboda an saba jin sa a gidajen mata masu zaman kansu, kamar dai yadda aka jingina goge da bori da gidan magajiya. Sai da Pandit Ram Narayan ya sha wuya kafin aka yarda sarangi ya hau dandali shi kaɗai. Su ma fadojin da ke ciyar da makaɗa sun rushe bayan 1947, aka kuma soke kuɗin da gwamnati ke ba sarakunan a 1971. Su ma kiɗan zamani ya yi musu ambaliya. Har a 1952 ministan yaɗa labarai, B. V. Keskar, ya taƙaita waƙoƙin fim a rediyon gwamnati, jama'a kuwa suka juya akalar rediyonsu zuwa tashar Ceylon, dole aka buɗe tashar Vividh Bharati a 1957 don a dawo da su. Darasi na farko ke nan: hani ba ya raya kiɗa.

Abin da ya raya shi aiki ne. Vishnu Digambar Paluskar ya buɗe makarantar kiɗa a Lahore a 1901, inda ɗan kowa zai iya shiga ko ba ɗan gado ba ne. Vishnu Narayan Bhatkhande, lauya ne, ya yi shekaru yana bin tsofaffin malamai gari gari yana rubuta abin da ke kansu, ya tsara ragogin arewa a gida goma, ya kuma taimaka aka kafa kwalejin kiɗa a Lucknow a 1926. Gwamnati ta kafa hukumar Sangeet Natak Akademi a farkon shekarun 1950. A 1977 wani malamin jami'a a Delhi, Kiran Seth, ya fara ƙungiyar SPIC MACAY, wadda aikinta shi ne kai manyan makaɗa makarantu su yi wasa a gaban ɗalibai. Sakamakon haka, ko da kiɗan disko ya mamaye finafinansu a shekarun 1980, saiwar ba ta mutu ba. Manyan mawaƙan fim na yau irin su Shreya Ghoshal da Arijit Singh sun yi karatun tsohon kiɗa tun suna yara. A. R. Rahman, wanda ya ci lambar Oscar biyu a 2009, ya buɗe makarantar kiɗa a Chennai. Kasuwa tana can tana ci, makaranta kuma tana can tana ba ta ma'aikata.

Mu fa? Mu sai muka ɗauki abin da ya fi sauƙin ɗauka. Daga tsakiyar shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti na Kano, yaro ɗaya ya zama shi ne mai kalangu, shi ne mai goge, shi ne mai sarewa, duk da yatsu a kan allo. Aka samu waƙoƙin da ake kira nanaye, aka cika finafinai da su, kaset da faifai suka kawo su Kumasi da Accra, yau kuma waya ke kawo su. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa kan yadda aka riƙa kwaso karin Indiya ana sa masa rigar Hausa. Ban ce duk abin da aka yi banza ne ba. Akwai masu murya, akwai masu azanci. Amma mai kwafe ba ya wuce abin da ya kwafa. Ba'indiyen da ya tsara wancan kari ya san ragar da ya ɗebo shi, zai iya ɗebo wani gobe. Namu kuwa dole ya jira fim na gaba ya fito. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma ɓarna da ba a cika lura da ita ba, wadda ta shafi harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Wuyan da ake rataya sarƙa daban, wuyar da ake sha daban. Hawa da saukar murya ne ke raba su. Shi ya sa kalangu ke magana: mai kiɗa na matse tsarkiya yana saki, fata na bin hawa da saukar kalma, har mai sauraro ya ji sunansa da na kakansa ba tare da an buɗe baki ba. Makaɗan da suka gabata daga kalma suke fitar da kari. Yanzu kuwa kari ake fara kawowa daga waje, sannan a tura kalmomi ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba. A Kano, inda yaro ke jin Hausa daga safe har dare, wataƙila ɓarnar da sauƙi. A nan Kumasi, inda ɗanmu ke Turanci a makaranta, Twi a Kejetia, Hausa kuwa sai a tsakar gida, waƙa na cikin manyan malaman harshe da suka rage masa. In malamin na karya kalma, ɗalibi ma karyayyiya zai ɗauka.

Wani zai ce ai mu ba mu da wani tsohon kiɗa mai ƙa'ida irin na Indiya, me za mu riƙe? Wannan magana ta wanda bai bincika ba ce. Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa na maƙera, gangar noma ta manoma. Kowace sarauta da takenta. Tambari da kakaki da algaita suna da lokutansu a ƙofar fada, ba a busa su don ganin dama. Kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo daban yake da taushin Jankiɗi, kuntigin Ɗanmaraya Jos daban yake da gurmin Haruna Uji, ƙwaryar Barmani Coge kuma duniya ce mai zaman kanta. Akwai tsarin jagora da 'yan amshi da sanƙira, akwai ƙa'idar zuga da zambo da habaici. David Ames da Anthony King sun cika littafi guda da sunayen kayan kiɗan Hausa da kalmominsa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana nazarin makaɗan baka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1999. Ilimin yana nan. Abin da muka rasa shi ne almajirai da kuma girmama malaminsu.

Ba ma sai mun je Indiya neman misali ba. Mu taka zuwa Fadar Manhyia, tafiyar 'yan mintuna daga ƙofar gidajenmu. Duk bayan kwana 42 ana Akwasidae. Je ka ga fontomfrom da kete da atumpan, ka ji masu busa hauren giwa, ka kuma dubi shekarun masu kiɗan. Za ka ga samari da yara a cikinsu, suna tsaye bayan manya suna koyo. Wannan fa a garin da ya haifi kiɗan Asakaa, wanda matasa suka yi wa laƙabi da Kumerica a 2020. Saurayin da ya kwana yana jin kiɗan zamani, da safe zai ɗaura zane ya je ya buga ganga a fada, bai ga wani saɓani ba. Asantawa sun kuma sami ɗansu, Farfesa J. H. Kwabena Nketia na Mampong, wanda ya rasu a 2019, ya rubuta ilimin gangunansu ya kai shi jami'o'in duniya. Har gangar hammata da suke kira donno, 'yar'uwar kalangunmu, daga arewa ta zo musu, suka ba ta wuri suka riƙe. Maƙwabtanmu Dagwamba ma har gobe makaɗan lunsi ne ke riƙe da tarihin sarakunansu. A cikin wannan gari, mu ne kaɗai ke jin nauyin a gan mu da gangarmu.

Na san za a ce mini in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma Shata kansa ɗan zamani ne a lokacinsa. Na yarda. Ba na kiran a fasa fiyano, ba na kuma ƙyashin abincin yaran da ke sana'a da shi. Gauhar Jaan, wadda aka ɗauki muryarta a faifai a Kalkata a 1902, dole ta matse waƙar da ke cin awa guda ta koma minti uku saboda iyakar faifan ke nan, ta kuma yi hakan da kyau domin ta san abin da za ta rage da abin da za ta bari. Sauyi daga mai ilimi ci gaba ne. Shata ya sauya abubuwa da yawa, amma kalangu na bayansa, Hausarsa kuma tsaye take. A gwada waƙa da gwaji ɗaya: shekara nawa take yi? Waƙoƙin Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, har yau ana sa su ranar naɗin sarauta. Waƙar da ta tashi kan unguwa a Sallar bara waccan, wa ke neman ta yau?

Za a kuma ce kiɗa duk lalata ne, gara ma ya mutu. Wannan muhawara ce ta malamai, kuma ba ni da hurumin yanke hukunci a cikinta. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa: kiɗa bai mutu a Zango ba. Sipika tana nan tana ruri har tsakar dare, da kalmomin da ba za ka iya maimaita su gaban surukarka ba. Wanda aka kora shi ne dattijon da ke kiran sunan kakanni, yana tuna wa ango gidan da ya fito. In gyara ake nema, an fara ta inda bai kamata ba.

Abin da ke cikin hatsari ya wuce nishaɗi. Kakanninmu sun biyo hanyar goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta Salaga, suka sauka a nan. Ba su bar mana gonaki masu yawa ba. Sun bar mana addini da harshe da ɗabi'a, kuma wani kaso na tarihinsu yana cikin taken da makaɗa suka haddace: wane ɗan wane, daga wane gari, da wace sana'a. A 1969, da dokar korar baƙi ta zo, gidaje da yawa sun watse, an yi asarar abin da ba a ƙirga ba. Abin da ya tsira a wancan karo, yanzu muna barin sa ya tafi da hannunmu, ba tare da wata doka ta tilasta mu ba. Duk tsohon makaɗin da aka kai makwanci ba a ɗauki abin da ke kansa ba, an binne shi da sunayen gidaje.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Matasan da ke riƙe da manyan wayoyi su nemi tsofaffin makaɗan da suka rage a Aboabo da Asawase da Yalwa da Sabon Zango, su ɗauki kiɗansu, su tambaye su ma'anar kowane take, su rubuta. Wannan shi ne aikin da Bhatkhande ya yi, kuma shi ba shi da waya. Masu biki su ware wa makaɗan gargajiya lokacinsu, a kashe na'ura, a kuma yi ciniki da su kamar yadda ake yi da mai sipika da mai hoto, a daina ba su sadaka. Sarakunan Zango su ɗauki nauyin yara ko da biyu ne su zauna gaban mai kalangu da mai algaita, suna zuwa makarantarsu kuma suna koyo. Gidajen rediyonmu na Hausa su ba da awa ɗaya a mako, a sa waƙar a kuma yi bayaninta. Masu ilimin cikinmu su ƙwanƙwasa ƙofar Cibiyar Al'adu ta Kumasi da Asusun Raya Zango da takarda a hannu. Masu fiyano kuwa, ku gayyaci mai goge na gaskiya ɗakin aikinku sau ɗaya, ku ji bambancin tsarkiya da maɓalli.

Kai kuma mai karatu, kafin ka ce na cika son tsohon abu, yi mini alfarma ɗaya. Yau da dare, bayan gari ya yi shiru, nemi busar Bismillah Khan a YouTube ka ba ta minti ashirin ba tare da ka taɓa wayar ba. Bayan nan ka sa Narambaɗa. Ba na shakkar za ka ji abin da ya haɗa su, wato haƙurin mutumin da ya daɗe a gaban malami. Sannan ka tambayi kanka dalilin da ya sa ɗaya ke da magada a makarantu, ɗayan kuwa sai a tsohon kaset.

Dattijon nan na Alabar ya bar wurin bikin kafin magariba. Na bi shi na gaishe shi, na tambaye shi ko akwai yaron da yake koya wa. Ya yi murmushi ya ce jikansa ya fara, amma uwarsa ta hana, wai kada a kira shi maroƙi. Na roƙe shi ya ba ni rana in zo da na'urar ɗaukar sauti, ya ce in zo Asabar bayan la'asar. Duk mai son rakiya, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana, ya jiƙan magabatanmu.